Tabon da ke Bayan Kamal

Kilishi a leda. Dabino. Wando biyu da ta saki kalmasarsu don su ƙara tsawo. Man kaɗe a gwangwani. Hular sanyi. Takardar alƙali mai hatimi, a naɗe cikin ɗankwali. Abin da ke jakar Kadidiatou ke nan, kuma jakar ba ta sauka daga cinyarta ba tun da motar ta bar Paris da safe.

Motar Lyon ce, mai arha, wadda ke cinye rabin yini a hanya. Da aka tsaya shan mai, fasinjoji suka sauka neman kofi. Kadi ba ta motsa ba. Tsoronta kada motar ta tashi ta bar ta. Ɗanta Kamal, mai shekara biyar, yana hannun ofishin kula da yara. Alƙali ya ba ta izinin ganinsa sau biyu a wata, a ɗakin ofis, a gaban ma'aikaciya.

A takarda, ita ce ta doke shi.

Ba ita ba ce. Lokacin hutun makaranta aka kai yaron Paris, gidan Alhaji Daouda, wan mijinta, mai shagon kaya a unguwar Barbès. Yaron ya yi ta fitsarin kwance a katifar baƙi. Alhaji ya zare igiyar cajin waya ya zane shi. Da aka dawo da shi gida Villeurbanne, kusa da Lyon, malamarsu ta ga bayansa ranar da ake canza riga don wasan motsa jiki. Kafin la'asar 'yan sanda sun kira.

A bakin ƙofar komisariya, ofishin 'yan sanda, mijinta Illiassou ya riƙe mata hannu.

"Ki ce ke ce."

"Ni, Malam? Ni da ko tsawa ba na iya yi masa?"

"Saurara. Uwa in ta doki ɗanta, faɗa za su yi mata su sallame ta. Yaya kuwa takardarsa ta zama ɗan ƙasa tana kan tebur. In sunansa ya shiga ofishin nan, shago ya mutu. Wa ya kawo ni ƙasar nan karatu? Wa ya kawo ki?"

Ta shiga ta ce ita ce. Ba su sallame ta ba. Ta kwana a kulle, babu tafinta. Aka ba ta takarda da Faransancin da ya fi ƙarfinta, ta sa hannu. Da ta fito, an riga an ɗauke Kamal daga makaranta.

Dangi suka zauna suka yanke shawara. Tunda a idon hukuma ita ce mai laifi, gara ta bar gidan, ko a tausaya wa uban a maido masa da ɗansa. Aka tura ta Paris, gidan Alhaji.

*

Ma'aikaciyar sunanta Madam Inès, siririya ce, mai fara'a. Ɗakin yana da ƙaramin tebur, da kujeru masu launi, da kwandon kayan wasa. Ta nuna wa Kadi kujera, ita kuma ta zauna a gefe da takarda da biro.

Aka shigo da Kamal. An yi masa wani aski da ba ta sani ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta.

Kadi ta kau da kai, ta dubi Madam Inès, ta shiga gaishe ta da ɗan Faransancinta na kasuwa: ina aiki, ina gida, ina yara. Ta miƙa mata dabino da hannu biyu. Sannan, idonta a kan tebur, ta ce da Hausa, "Kai, zo ka zauna."

Kamal ɗan fari ne. A Damagaram inda ta tashi, mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Uwarta ba ta taɓa kiran sunan yayan Kadi, ɗan farinta, ba, amma ranar da mota ta buge shi ita ce ta fara suma. A ɗakinsu na Villeurbanne, in babu kowa, Kadi tana goya Kamal har ƙafafunsa suna dukan cinyoyinta. Nan kuwa ga baƙuwa a zaune, tana kallo.

Ta tura masa kilishi. "Ci."

Da gefen ido take dubansa. Ya rame. Leɓensa ya tsattsage. Yana ci yana kallon ƙasa, kamar yadda aka koya masa a gaban manya. A ƙarƙashin tebur ƙafarsa ta lallaɓo ta taka tata. Ta bar ƙafarta a wurin. Madam Inès ba ta ganin ƙarƙashin tebur.

"Madam, za ki iya ɗaukarsa in kina so," in ji Inès a hankali, tana nunawa da hannu.

Kadi ta yi murmushin kunya. "Ya girma."

Inès ta rubuta wani abu.

Da lokaci ya cika, a bakin ƙofa, ta gaya wa Kadi cewa yaron yana gidan wata mata mai riƙon yara, kuma kullum sai an canza masa zanen gado. Fitsarin bai tsaya ba. Ƙaruwa ma ya yi.

*

Gidan Alhaji yana wani dogon bene kusa da unguwar Porte de la Chapelle. A ɗakin kwalayen kaya aka sauke Kadi. Katifar baƙi a nan take, an jingine ta da bango. Da ta kwantar da ita ranar farko, ta ga shatin fitsarin a tsakiya. A kai take kwana.

Ita ke girki, ita ke wanki, ita ke ninke atamfofin da za a kai shago. Igiyar cajin tana falo, a jikin bango, wayar Alhaji a maƙale da ita. Kullum sai ta ɗaga ta in za ta goge tebur.

"Yaya ɗan namu?" in ji Alhaji, yana wanke hannu a roba da ta riƙe masa. "Ya yi ƙiba? Ai abincin nasara, madara da cuku."

"Lafiya lau yake, Alhaji."

"Madalla. Mutanen nan dai ba su san tarbiyya ba. Mu da dorina aka tashe mu. Ni da mijinki ga mu nan, wa ya mutu? Ɗan abin da bai kai ya kawo ba, sun mai da shi kamar an yi kisan kai. Miƙo yajin nan."

Ta miƙa.

A kicin matarsa, Hajiya Maimouna, ta dafa kafaɗarta.

"Haƙuri, Kadi. Ba da mugunta ya yi ba. Ɗansa ne, yana da iko da shi. Ni ma na ce masa hannun ya yi nauyi, amma kin san namiji in ya fusata. Ke kuma lada kike samu. Kin rufa wa gida asiri."

"Hajiya, ya rame."

"Zai murmure. Rage gishirin nan gobe, hawan jinin Alhaji."

Wata Juma'a Alhaji ya dawo daga masallaci da sabuwar magana. Wani ya ba shi labarin iyayen da suka kai hukuma ƙara a kan ɗansu. Ya kira Illiassou ya sa wayar a fili don kowa ya ji.

"Ƙara za mu kai su! An kulle matar ƙanena babu tafinta. An ɗauke ɗanmu ba a tambayi dangi ba, kamar ba shi da kowa. Don mu baƙaƙe ne? Suna cewa ƙasar doka ce. To, mu ma mun san doka. Ka nemo lauya mai zafi, ni zan ɗauki nauyi."

"Allah ya ƙara girma, Yaya," in ji muryar Illiassou.

Alhaji ya dubi Kadi. "Ba ki yi godiya ba?"

"Na gode, Alhaji."

*

Lauyar a Lyon take, sunanta Madam Najla. Mace ce mai saurin magana, tabarau a goshi. Illiassou ya zauna tsakaninta da Kadi, shi ne tafinta.

Ta ce abu biyu za ta yi. Na farko, ƙarar hukuma, don 'yan sanda sun take haƙƙin Kadi kuma bincikensu na ganin dama ne. Na biyu, ta koma gaban alƙalin yara ta nemi a fito da Kamal.

"Aikin banza suka yi," in ji ta, tana buga takardun da yatsa. "Likita ya rubuta cewa tabon ya kwana biyu kafin malamar ta gan shi. Ya faɗa cikin hutu ke nan. Babu wanda ya tambayi inda yaron ya yi hutun. To, ni zan tambaya. Ina yake?"

"A gida," in ji Illiassou, bai fassara ba.

Kadi ta ji kalmar hutu. Ta san ta.

"Madam nake tambaya," in ji lauyar.

Illiassou ya juyo da Hausa, fuskarsa a sake. "Gyaɗa kai kawai."

Ta gyaɗa.

Najla ta daɗe tana kallonta. Sannan ta jawo wata takarda, rahoton Madam Inès, ta karanta. Uwar ba ta kiran sunan yaron. Ba ta dubansa. Ba ta taɓa shi ko da an ba ta dama. Ta fi kula da ma'aikaciya a kan ɗanta. Babu alamar shaƙuwa.

"Wannan ya fi tabon haɗari," in ji lauyar. "Akwai dalili?"

Illiassou ya yi 'yar dariya. "Gajiyar hanya ce."

Bai bayyana wa lauyar al'adar ba. Shi da ke shirin zama injiniya, ba ya son a ce matarsa baƙauya ce. A waje, a bakin tashar taram, jirgin cikin gari, ya sauke wa Kadi fushinsa.

"Kin ji abin da kika jawo? Nan ba Damagaram ba ce! Ki kira sunansa, ki rungume shi, ki sumbace shi, ki yi kuka. Abin da suke so su gani ke nan."

"A gaban mutane, Malam?"

"A gaban Faransa duka in ta kama."

"Da ka gaya mata al'adarmu ce."

"In ce mata me? Mu ba mu kiran sunan 'ya'yanmu? Ai sai su ce duk garinmu mahaukata ne."

*

A ziyara ta gaba, tun daga Paris take maimaita sunan a ranta. A jakarta akwai motar wasa, ja, sabuwa. Hajiya ce ta saka mata da hannunta.

"Ki ce masa Baba Alhaji ne ya aiko. Ki faɗa fa, Kadi. Saƙo amana ne. Kada yaro ya tashi da ƙullin babansa a rai."

Aka shigo da shi. Kadi ta miƙe. Ta buɗe baki, sunan ya fito da wata murya kamar ba tata ba. Ta durƙusa ta rungume shi, fuskarta tana zafi.

Yaron ya sandare. Bai taɓa ganin ta yi haka a gaban wani ba. Ya waiga ya dubi Madam Inès, ya tambaye ta da Faransanci, "Mama ba ta da lafiya ne?"

Inès ta rubuta.

Kadi ta sake shi. Ta ciro motar. Idonsa ya yi haske, ya kai hannu. Ta sunkuya ta isar da saƙon da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Baba Alhaji ne ya aiko maka."

Hannun ya tsaya a iska. Bai yi kuka ba. Wandonsa ya yi duhu daga gaba, ruwan ya bi ƙafarsa ya taru a takalmi. Ya juya baya ga bango ya manne da shi.

Inès ta tashi da sauri. "Me kika ce masa? Madam, me kika ce masa?"

Kadi tana da kalmomin da za su isa. Sunan mutum ɗaya ne. Ta ji muryar mijinta a bakin komisariya. Ta ce, "Ba komai."

Aka fita da yaron. Ba a cika lokacin ba.

Hukuncin ya zo bayan 'yan kwanaki. Uwar ta yi wa yaron magana da yaren da ma'aikaciya ba ta ji, yaron ya firgita har ya yi fitsari a tsaye. Daga yanzu sau ɗaya a wata. Kuma Faransanci kawai.

Faransancin Kadi na sayen albasa ne da tikitin mota. A ziyarar da ta biyo baya ta ce masa, ka ci. Ta ce, akwai sanyi. Ta ce, lafiya? Shi ke nan, ta ƙare. Shi kuma ya ba ta wani dogon labari da sauri, akwai kare a ciki, akwai wata Tata, matar da ke riƙonsa. Ba ta kama ba. Sai da Madam Inès ta maimaita mata a hankali abin da ɗanta ya faɗa. Bai nemi ƙafarta a ƙarƙashin tebur ba. An matsar da kujerarsa nesa.

A motar komawa ta yi amai a leda. Matar da ke kusa da ita ta canza wuri.

*

Ta daina cin abinci sosai. Zanenta ya fara zamewa. Hajiya ta ce aljanun ƙasar sanyi ne, ta ba ta rubutu ta sha.

Wata safiya ta dawo daga kai kaya shago ta tarar ana fitar da kwalaye daga ɗakinta. An shigo da ƙaramin gado. Hajiya tana shimfiɗa leda mai kauri a kan katifarsa.

"Baƙo za a yi, Hajiya?"

"Au, Illiassou bai gaya miki ba? Albishirinki. Lauya ta ce in wani mai mutunci a dangi ya nemi riƙon yaro, alƙali yana iya ba shi, tun kafin a gama ƙarar. To, wa ya fi Alhaji? Ga gida, ga sana'a, ga suna mai tsabta. Kamal zai dawo hannunmu."

Kadi ta dafa ƙofa.

"Ke kuma sai ki koma wurin mijinki," in ji Hajiya, tana cusa bakin ledar. "Ba za su yarda ku zauna gida ɗaya da shi ba, tunda ke ce a takarda."

"Hajiya, har yanzu yana fitsarin kwance. Kullum."

Hannun Hajiya ya tsaya. Ba ta ɗago ba.

"Alhaji zai raba shi da shi."

Kadi ta sauka ƙasa, ta tsaya a bakin titi inda ƙarar motoci za ta rufe muryarta, ta kira mijinta.

"Malam, wurin wanda ya doke shi za a kai shi?"

"Yi a hankali. Wa ke kusa da ke?"

"Babu kowa. Amsa mini."

"Kadi, ki yi tunani. Yana hannun arna, yana cin abin da ba mu sani ba, yana mance Hausa. In ya shiga gidan Yaya, ai ya shigo gida. In ƙura ta lafa mu ɗauke shi."

"Ya yi maka alkawarin ba zai sake taɓa shi ba?"

"Ni zan tsare Yaya in ce ya yi mini alkawari? Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Sunan Alhaji kawai na ambata, yaron nan ya yi fitsari a tsaye."

"Ke ma da bakinki. Wa ya ce ki ambata?"

"Hajiya."

Ta ji ƙarar taram a bayansa.

"Zan faɗi gaskiya, Malam."

Muryarsa ta sauka. "In kika canza magana yanzu, ƙarya kika yi wa hukuma. Laifi ne, suna iya kama ki. Ƙarar da muka shigar ta rushe. Yaya ya rasa komai, ni na rasa karatu. Kuma takardar zamanki a kan aurena take, kin sani. In aka mai da ke Damagaram, shi yana nan, sai yaushe za ki gan shi? Ba barazana nake miki ba. Lissafi nake miki."

"Ɗanka ne."

"Don ɗana ne nake wannan wahalar. Ranar Talata za mu je sa hannu. Ki sa kaya masu kyau."

*

Jirgin ƙasa Kadi da Alhaji suka hau ranar Talata, mai gudu, don Alhaji ba ya hawa motar talakawa. Ya sha shadda fara da hula, yana ƙamshin turare. Ya sayo mata burodi da shayi. Ba ta taɓa ba.

"Ki saki ranki," ya ce. "Na san kina ganin laifina. Mata haka kuke. Amma yaron nan sangarta shi kuka yi, ke da mijinki. Namiji ɗan shekara biyar yana jiƙa gado? Ki ba ni shi wata guda. Wallahi zai daina. Wata rana da bakinki za ki gode mini."

Ya jona wayarsa a caji a jikin kujera, ya jingina, ya yi barci. Kadi ta kalli gonaki suna wucewa har Lyon.

Illiassou ya tarye su a tasha, ya karɓi jakar Yayansa.

A ofis, Madam Najla ta baje takardu. Ƙarar ta shiga, in ji ta, kuma tana da ƙarfi. Ta karanta musu jigon ƙarar: an tsare mace babu tafinta, an karɓi amsa laifinta ba a gwada ta da komai ba, ba a tambayi inda yaron yake ba lokacin da aka ji masa rauni, ba a nemi kowa a dangi ba.

"Sosai!" in ji Alhaji. "Ki ƙara musu da cewa wariya ce. Su biya diyya, su nemi gafara."

Duk abin da ke cikin ƙarar gaskiya ne. 'Yan sanda ba su tambaya ba. Ofishin kula da yara ya auna uwa da ma'aunin da ba nata ba. Amma amsar da hukuma ta kasa nema tana zaune a ɗakin nan cikin farar shadda, kuma ita ce ke biyan lauya. Mutanen gidan duk sun sani. Kowannensu yana da abin da yake karewa: wani shago, wani karatu, wata aure. Yaron ne kaɗai babu wanda ya sa shi a lissafi sai a matsayin abin da za a ƙwato.

Lauyar ta jawo takarda ta biyu. Neman a ba Alhaji Daouda riƙon Kamal. Tana buƙatar yardar uba da ta uwa. Illiassou ya sa hannu bai karanta ba. Ya tura wa Kadi biro.

"Nan, ƙasan nawa."

Wayar Alhaji ta yi ƙara. Maganar kaya ce da suka maƙale a tashar jirgin ruwa. Ya miƙe yana faɗa, ya fita baranda. Kadi ta riƙe biron. Ba ta rubuta ba.

"Madam ta fahimci abin da za ta sa wa hannu?" in ji Najla.

"Ta fahimta."

"Ina so in ji daga bakinta. Kuma akwai shafin da Alhaji zai cika. Kira shi."

Illiassou ya dubi Kadi da ido mai gargaɗi. Ya tashi ya leƙa baranda. Alhaji ya yi nisa, yana can bakin matakala yana ɗaga murya. Illiassou ya taka ya bi shi. "Yaya! Yaya, ana jiranka."

Kadi ta ajiye biron. Ta miƙe, ta tura ƙofar, ta murza makullin da ke jiki.

Lauyar ta sauke tabaranta daga goshi.

Kadi ta tattara duk Faransancin da ta mallaka. "Ba ni ba." Ta nuna ƙofa. "Shi. Babban. Hutu, Paris. Igiyar waya." Ta ɗaga hannu ta sauke, ta sake ɗagawa ta sauke.

Najla ba ta yi mamaki ba. Ta jawo takardar riƙon ta kife ta. Ta yi magana a hankali, kalma-kalma, don Kadi ta bi. Daga yau ba za ta iya tsaya wa mata da miji tare ba. Za ta nemo tafinta wanda ba ɗan gidan ba. Za a sake yi wa Kadi tambayoyi, masu zafi, kuma za a tambaye ta dalilin ƙaryar farko. Ba ta yi mata alkawarin za a ba ta yaron gobe ba.

"Kin gane?"

"Na gane. Ba zai je can ba?"

"In kika faɗi wannan gaban alƙali, ba zai je ba."

Aka murɗa hannun ƙofar daga waje. Aka sake murɗawa. Sannan bugu.

"Kadi? Kadi, mene ne haka? Buɗe." Muryar Illiassou ce, yana ƙoƙarin kada ta tashi. "Kada ki yi mana haka. Don girman Allah, buɗe mu yi magana."

A bayansa muryar Alhaji ta taso. "Me take yi a ciki? Kai, matarka ce ko ba matarka ba? Ka ce ta buɗe!"

Kadi ta jingina goshinta da katakon ƙofar, ta yi magana da Hausa, yadda duk su biyun za su ji.

"Malam, ba zan sa hannu ba. Zan gaya wa alƙali wanda ya doke shi. In sun kama ni, su kama. In ka sake ni, ka saka. Amma yaron nan ba zai sake kwana a gidan Alhaji ba."